Waƙa ta Huɗu a Faifan Baba Ilu

Da safen nan ina wanke mota a unguwar Abhur da ke Jidda aka kira ni: Baba Ilu ya rasu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ku da kuka saba da shirmena a shafin nan, ku yi mini uzuri. Farfesan Direbobin Bakin Teku, sarautar da marigayin ya naɗa mini da bakinsa, yau ba shi da jawabi.

Baba Ilu mutumin Damagaram ne, direban gidan da ke jikin na kafilina, wato ubangidan da nake wa tuƙi. Shi ya koya mini titunan Jidda, shi ya raka ni sabunta iƙama, takardar izinin zama, kuma bai taɓa buɗe kular abincinsa bai kira ni ba.

Faifan CD ɗaya tal gare shi. Wani injiniya ɗan Japan da ya taɓa yi wa tuƙi ne ya bar masa: kundin farko na wata mawaƙiyar ƙasarsu, mai murya kamar ta wadda ta gama kuka. Baba bai san ko kalma ɗaya a ciki ba. Na taɓa gabatar masa da ƙorafi a hukumance kan haka.

Ya ce, "Farfesa, yarinyar nan kewar gida take yi. Wannan ba sai da tafinta ba."

Faifan ya karce a waƙa ta huɗu. Tana kaiwa tsakiya sai ta sarƙe. Shekara da shekaru bai ji ƙarshenta ba.

Makon jiya na ɗauki hoton bangon faifan, na nemo waƙar cikakkiya a wayata. Shekaranjiya Talata muka haɗu a bakin get, na yi masa albishir.

Ya ce, "Yalla, kunna mu ji."

Na ƙi. Na ce al'amari mai girma irin wannan sai da taro: ranar Juma'a bayan la'asar, a bakin teku, da shayi, da jawabin buɗewa daga Farfesa.

Ya yi dariya. "Halas, shi ke nan, ɗana. Allah Ya kai mu."

Abin da ya rage masa a waƙar bai fi minti biyu ba, kuma wayar tana hannuna.

Yau Alhamis.

Ni ma ban saurari ƙarshen ba, na ajiye ne mu ji tare.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Ilu, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba iyalinsa na Damagaram haƙurin rashinsa.

Duk wanda ya karanta, ina roƙonsa ya yi masa addu'a yanzu, kafin ya gangara zuwa rubutu na gaba. Kada ku ce sai Juma'a.