Ɗaurin Sabil na Sadisu Mai Guga

Duk wanda ya taɓa kai wanki shagon nan na gangaren Utaibiyya, kusa da mai gasa gurasar tamis, ya san Sadisu ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon da ke can ƙurya, tururi ya lulluɓe shi, yana danne jallabiya da dutsen guga kamar faɗa suka yi. Mutumin Gwammaja ne ta Kano. Takardar aiki ce ta kawo shi Makka, iyali na gida, sai dai murya a waya. Ba ya shan shisha, ƙwallo ba ta dame shi ba, magana ma sai an matsa. Abu ɗaya ne ya shiga ransa ya yi kaka-gida, wato wasan kati.

Ba kartar da kuka sani ba. Wani abokin aikinsa ɗan Indunusiya ne, ranar da zai koma ƙasarsu, ya bar masa kwalin takalmi cike da katuna masu zanen dodanni da mayaƙa, kowanne da rubutun aikinsa a ƙasa. Kowane ɗan wasa shi ke tsintar kati ɗari ya haɗa ɗaurinsa, kuma an fi so duk su bi manufa ɗaya. Mutum huɗu ake zama, kowa abokin gabar kowa, wanda ya rage a ƙarshe shi ya ci. Sadisu ya yi ta fama da ƙamus ɗin waya har ya gane kansu, sannan ya nemo mutum uku ya koya musu.

Akwai Maman, mutumin Maraɗi mai tuƙa tankar ruwa, wanda dariyarsa ke riga shi shiga ɗaki. Akwai Dauda tela, ɗan takari, da ya zo Umara ya yi zamansa ba iƙama, wato takardar izinin zama. Sai Marwan, haifaffen unguwar Rusaifa ta nan Makka, wanda Hausarsa ke ɗingishi sai ta dafa Larabci. Kowace Juma'a bayan La'asar suna ɗakin Sadisu, an shimfiɗa tabarma, butar shayi a tsakiya.

To, Sadisu mutumin kirki ne a ko'ina ban da kan wannan tabarma. Ɗaurinsa na hani ne zalla: wannan kati ya hana ka ja, wancan ya hana ka kai hari, na ukun ya ƙwace ɗan abin da ka tara. Su ukun sai su riƙe katunansu kamar masu jiran mota, su ɓige da hira, kowa na zuba abin da ke damunsa. Shi kuwa gogan lissafi yake yi. In an sa shi a maganar sai ya ce “na'am, na'am,” idonsa na kan hannunsa. Kusan kullum shi ke ci, kuma ba ya ɓoye jin daɗinsa.

A shekarar da aka tsananta binciken takardu, Dauda ya fara ɗauke ƙafa. Maman ya biyo baya, yau ya zo gobe babu, har ya ɓace gaba ɗaya. Marwan ya leƙo sau biyu, ya ga ba kowa, ya ce wasan mutum biyu ba armashi. Juma'a ta koma doguwar rana. Sadisu ya zauna da buta cike da shayi da kofuna huɗu, ya yi tunani iya tunaninsa, ya yanke hukunci: cinye su da yake yi ne ya kore su. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kunya kuma ta hana shi ɗaga waya.

A ƙasan benensu akwai wata tsohuwa Basakkwata, Inna Hure, wadda ta kai shekaru tana ajiye kular ruwan sanyi da kofi a bakin ƙofa, sabil, kowa ya zo wucewa ya sha don Allah. Ba ta son katunan nan ko kaɗan. Ta sha faɗa masa karta ƙanwar caca ce, kuma mala'iku ba sa shiga ɗakin da aka tara dodanni. Wata rana yana taya ta zuba ƙanƙara a kular sai dabara ta faɗo masa. Zai haɗa sabon ɗauri wanda ba ya hana kowa komai, kyauta kawai yake yi. Kuma zai tsinci masu zanen ruwa, rijiya da ƙorama da hadari da tafki, babu fuska babu dodo. Ya sa masa suna Sabil.

Da ya gaya mata, ta dube shi sama da ƙasa. “Ɗana, in abokanka kake nema, zumunci a ƙafa yake.” Ya ce haka ne Inna, sai dai ba zai je musu hannu rabbana ba, bari ya gama tukuna.

Aikin ya ci lokaci. A Makka ba inda ake sayar da irinsu, sai wani ɗan shago a Jidda, shi kuma guga ba ta barin sa motsi. Wani direban tasi yake ba saƙo, ya jira makonni, wani lokacin a kawo masa wanda ba shi ba. Ga kuma wuyar zaɓe. Kati ya yi kyauta amma da fuska a jikinsa, a ajiye. Wani ga ruwa har da kwalekwale, amma rowa gare shi, mai shi kaɗai yake amfana, shi ma a ajiye. Waɗanda suka tsallake kuwa duk halinsu ɗaya: kowa ya ja kati biyu, kowa ya ƙara ƙarfi, wanda aka kusa fitarwa a dawo da shi. Yana haɗawa yana tuna mutanensa. Wannan na Maman ne, mai son tara runduna. Wannan zai ceci Dauda, da kullum ake fara cirewa. Akwai wani tsohon katin hani da ya fi ƙauna, ya sa shi ya cire ya fi a ƙirga, a ƙarshe ya jefa shi kwalin takalmi ya rufe.

Gwaji ma shi kaɗai yake yi. Ya raba wa gurbi huɗu, ya buga nasa, ya tashi ya zauna a wurin Maman, ya zaga wurin Dauda, ya koma na Marwan, har da ƙoƙarin manta abin da ya gani a hannun baya. Aikin Hajji ya zo ya wuce har sau biyu a haka. Gari ya cika ya batse, harami ya taru a shago tsibi-tsibi, da ƙurar Muzdalifa da sauran tsakuwa a ƙulle a gefensa. Ya guge na mutanen duniya duka, ya hau bene ya tarar da ɗaki shiru. Kaɗaici ya dame shi, amma yana lallashin kansa cewa saura kaɗan.

Ranar da kati na ɗari ya iso, ya sa wa kowanne rigar leda, ya yi wanka, ya ɗauki waya. Lambar Maman a kashe. Ta Dauda wani baƙo ne ya ɗauka, ya ce bai san mai wannan suna ba. Marwan kaɗai ya amsa, ya kuma zo Juma'ar nan, ya yi ƙiba, ga zoben aure.

Suka zauna su biyu. Sadisu ya cakuɗa, ya buga katin ƙorama, ya ce kowa ya ja biyu. Hannunsa ya riga ya saba, sai ya ajiye biyu a dama, biyu a hagu, inda ba kowa. Marwan ya bi katunan da kallo, ya tambayi ma'anar wannan sabon salo. Sadisu ya zayyana masa komai, murya ƙasa-ƙasa: ya san shi ya kore su da cin zali, ga shi ya gyara, yanzu kowa zai sha.

Marwan ya ajiye katunansa. “Ya akhi, wa ya ce maka don ci muka daina zuwa? Mu shayi da hira ke kawo mu. Dauda tsoron fita yake, ya yi wata da watanni a kulle a ɗaki kafin a kama shi a kai shi tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Maman kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya rufe aiki, ya yi ta neman wani bai samu ba, ya koma Maraɗi.”

“Me ya hana a gaya mini?”

“A nan suka faɗa, kan tabarmar nan. Dauda har ya tambaye ka ko za ka riƙa kai masa ɗinki daga shagonku. Ka ce na'am, na'am.”

Sadisu ya ja kati. Suka ƙarasa wasan, Sabil ya yi aikinsa, ya shayar da Marwan har Marwan ɗin ya cinye cikin sauƙi. Marwan ya yaba zanen, ya ce wallahi ɗauri ne mai kyau, ya yi sallama kafin Magariba don matarsa na jira.

Sadisu ya bar katunan a baje, ya sa takalmi. Ya wuce kular Inna Hure, ya wuce mai tamis, ya shiga lungu na biyu, ya tsaya a ƙofar da Dauda ya taɓa kwatanta masa. Wani mutumin ƙasar Bama ne ya buɗe, ya girgiza kai, bai taɓa jin sunan ba. Ta bayan kafaɗarsa Sadisu ya hango teburin keken ɗinki, an jera tukwane a kai. Ya yi godiya ya juyo. Yana tafe yana auna nisan: daga ɗakinsa zuwa nan bai kai gugar jallabiya ɗaya ba.