Injiniya Abdulbaƙi Ɗalhatu, Wanda Ya Juyo Daga Dutsen Kazbek

Haihuwa da karatu

An haifi Injiniya Abdulbaƙi a shekarar 1963 a garin Malumfashi. Mahaifinsa, Malam Ɗalhatu, magini ne, sunan mahaifiyarsa kuwa Hajiya Khadijatu. Ya yi firamare a garinsu, ya yi sakandare a Funtuwa, sannan ya karanci aikin injiniyan gine-gine a Zariya, inda ya kammala a 1988. Tun yana yaro ba ya ganin dutse ya ƙyale, har mahaifiyarsa ta gaji da ɗinkin wando ta zuba masa ido.

Aure da aiki

A 1991 ya auri Malama Ruƙayya, Allah ya albarkace su da zuriya. A 2006 wani kamfanin gine-gine ya ɗauke shi zuwa Doha, babban birnin ƙasar Ƙatar. Ya fara sauka a unguwar Fereej Abdel Aziz, daga bisani ya kawo iyalinsa unguwar Al Gharrafa. Aikinsa shi ne kula da lafiyar ma'aikata a dogayen benayen unguwar West Bay, kuma da zarar zafi ya wuce ƙa'ida sai ya sauko da kowa daga sama, ko da saura kaɗan a gama. Manyan kamfani sun sha ɗaure masa fuska a kan haka, shi kuwa ko a jikinsa.

Hawan duwatsu

Daga 2012 ya riƙa tara abokansa Hausawa mazauna Doha, likitoci da malaman jami'a, suna zuwa hawan duwatsu a lokacin hutu. Babban burinsa shi ne ya taka ƙololuwar Kazbek a ƙasar Jojiya. A farkon 2022 likita ya shaida masa cewa zuciyarsa ta yi rauni, kuma daga tafiyar Kazbek da yake shiryawa ba shi ba dutse.

A watan Yuni shi da abokansa suka isa, tare da babbar 'yarsa Nafisa da wani ɗan jagora ɗan ƙasar. Hanyar ta ratsa ta kan wata daɗaɗɗiyar ƙanƙara mai tsage-tsage masu zurfin rijiya. A farkon bazara dusar ƙanƙara takan rufe bakin tsagar, da sanyin safiya ta ɗauki mutum, in rana ta ɗaga ta yi laushi ta rufta da shi. Ayarin ya makara a hanya, hantsi ya same su ƙololuwar tana gabansu kamar a miƙa hannu. Abokan tafiya, waɗanda suka saba da zafin Doha, suka ce wannan ai ba rana ba ce, a ci gaba kawai. Ɗan jagora ya bayyana haɗarin, ya bar hukunci a hannun shugaban tafiya, Abdulbaƙi.

Abdulbaƙi ya caka sandarsa a dusar, ta nutse har mariƙi. Ya dubi ƙololuwar, ya dubi 'yarsa da ke ɗaure da shi a igiya ɗaya, ya ce, "Khalas, shi ke nan, jama'a, mu koma." Nafisa ta ce, "Baba, ba fa za ka sake zuwa ba." Ya ce ya sani. Ransa ya sosu ƙwarai, bai kuma ɓoye ba.

Ba su daɗe da tsallake tsagar ƙarshe ba dusar da suka taka ta rufta a bayansu. Nan waɗanda suka yi ta gunaguni suka zube suna sujadar godiya.

Ƙarshen rayuwa

Bai sake hawa dutse ba. Duk wanda ya jajanta masa rashin kaiwa ƙololuwa, sai ya ce shi godiya ce ta kamace shi, domin yadda ya tafi da mutane haka ya dawo da su. Allah ya yi masa rasuwa a watan Nuwamba na 2024, aka yi masa sutura a maƙabartar Mesaimeer a can Ƙatar, abokan tafiyar nan ne kuma suka ɗauki makararsa. Allah ya jiƙansa da rahama. Ya bar matarsa Ruƙayya da 'ya'ya uku, Nafisa da Umar Faruk da Bilkisu, da jika ɗaya, ɗan Nafisa, wanda aka haifa shekara guda bayan saukowarsu daga dutsen.