Haruffa Ashirin da Biyar

Ni da taubashiyata, 'yar Kawu, wata biyu ne tsakaninmu, kuma tun muna yara duk wani abu mai kyau ita yake fara samu. Ba sharri nake mata ba. Ita ce doguwa, ita ce mai gashi, ita ce mahaifinta yake koyarwa a jami'a suna zaune a unguwar Yelwa, gida mai famfo har cikin ɗaki. Mu kuwa muna cikin gari, mu biyar a ɗakin Inna. Abu ɗaya na fi ta, hadda. A Islamiyya in malam ya biya shafi sau biyu, na ukun ni nake biya masa, ita kuwa sai ta yi mako tana fama da rabin shafi. To amma wa yake zuwa gidanku kallon hadda?

Shekarar da muka shiga aji uku na sakandare Kawu ya dawo daga ƙaro karatu a ƙasar waje. Inna ya kawo mata turare, mu ya kawo mana alewa, 'yarsa kuwa ya kawo mata wasan kwamfuta a cikin kwali mai sheƙi. Wasan gina birni ne. A ba ka fili fetal, kai za ka shimfiɗa titi, ka ja ruwa, ka kafa asibiti, sai ka ga 'yan mitsi-mitsin mutane suna tarewa. Ranar Asabar ɗin da na fara gani, wallahi ko abincin rana ban iya ci ba.

Tana ba ni in taɓa, ba zan yi mata ƙarya ba. Sai dai tana tsaye a kaina.

"Ke 'yar cikin gari, wa ya ce miki ana kafa kasuwa a jikin asibiti? Wannan ai kasuwar Muda Lawal kika gina mana. Matsa."

In matsa ina dariya, tunda wasan taubasai ne. Birninta har da gada da filin jirgi. Ni ko lungu ɗaya ba ni da shi, duk abin da na gina kafin wata Asabar ta rushe shi.

Babban yayanmu yana da shagon buga takardu a wajen Wunti, da kwamfuta biyu. Na lallaɓa ta, ta ara mini faifan wasan na mako ɗaya da sunan zan nuna wa Yaya hoton jikinsa. Faifan kawai ta ba ni, kwalin ya zauna a gida. Yaya ya kwafe shi a kan wani sabon faifai, muka saka. Sai wasu akwatuna biyar suka fito a allo, babu komai a cikinsu.

"Lamba yake nema," in ji Yaya. "Tana jikin ɗan littafin da ke cikin kwalin. Haruffa da lambobi ashirin da biyar, biyar-biyar."

Na ce to mu cika da duk abin da muka ga dama mana. Ya yi dariya. Ya ce masu wasan ba wawaye ba ne. Akwai wani lissafi da suka ɓoye a cikin faifan, duk abin da ka rubuta sai ya bi ta cikinsa, in sakamakon bai fito yadda suka tsara ba, ba zai buɗe ba. Harafi ɗaya ya kauce, shi ke nan. Ya ce in je in roƙe ta ta rubuto mini.

In roƙe ta? Allah ya kiyaye.

Asabar ta zagayo, na mayar mata da faifanta. Da Mamarta ta kira ta ta zo ta duba miya, na buɗe kwalin, na juya littafin. Ga su nan a kan wata 'yar farar takarda da aka manna a bango. Ban nemi biro ba. Na biya su a zuci sau uku, rukuni-rukuni, da ɗan kari irin na karatu, na rufe. Ta dawo ta same ni ina kallon silin. A cikin tasi har Wunti bakina yana motsi, wata tsohuwa da ke gefena ta ce Allah ya yi mini albarka, ta ɗauka zikiri nake.

Akwatunan nan biyar suka karɓa tashi ɗaya. Yaya ya kalle ni ya ce, "Ke kam kanki abin tsoro ne." Wasan ya shiga kwamfuta tsaf, na ja kujera. Ina dannawa sai wani rubutu ya fito, wai a saka faifai na asali.

Ashe ƙofa biyu ce. Yaya ya ce a masana'anta da gangan suke barin wasu tabo a jikin faifan, waɗanda ido ba ya gani. Na'urar kwafi in ta zo wurin sai ta ɗauka lalacewa ce, ta gyara ko ta tsallake. Shi kuma wasan duk sanda za a kunna shi sai ya laluba tabon nan, in ya ji faifai sumul ya san kwafi ne. Ya gwada dabarunsa har la'asar, ya gaji, ya goge komai ya ce kwastomomi na jira. Na koma gida da haruffa ashirin da biyar a ka, ba su da amfanin komai. Na ji haushinta ranar kamar ita ta zauna ta yi tabon da hannunta.

Bayan wata huɗu su Kawu suka tashi daga gidan jami'a suka koma nasu da ya gina a can ƙarshen Yelwa. Ba a jima ba kwamfutarsu ta kamu da cuta, mai gyara ya goge duk abin da ke cikinta. Birninta ya tafi da gadarsa da filin jirginsa. Ta yi kuka, ta share hawaye, ta ce za ta gina wanda ya fi shi. Ta ɗauko kwali, faifai na nan, littafi babu. Ya salwanta a wajen kwashe kaya.

Ni ta kira in taya ta nema.

Mun zazzage kwalaye, mun ɗaga katifu, mun bi littattafan Kawu ɗaya bayan ɗaya. Ina durƙushe kusa da ita ina cewa, "Kin duba cikin wancan buhun kuwa?" alhali abin da take nema yana zaune a kaina. Zan faɗi gaskiya tunda na girma: daɗi na ji. Irin daɗin da ban taɓa ji ba. Yau ga abu ina da shi, ita ba ta da shi, kuma ko sani ba ta yi ba. Kawu ya rubuta wasiƙa ta intanet zuwa ga kamfanin wasan, suka ce sai ya nuna shaidar saye, shi kuwa rasit ya daɗe da shiga shara.

Na ce a raina zan faɗa mata, amma sai ta ɗan ɗanɗana tukuna. Mako ɗaya. Mako ya zama wata, wata ya zama uku. Akwai kuma tsoro, don in na faɗa dole ta tambaye ni yadda aka yi na sani. Muka shiga jarrabawa, ga musabaƙar Islamiyya ta matso, kullum ina bitar izu biyar. Lambar kuwa ban sake bi ta kanta ba. Me zai sa? Na san kaina.

Wata Asabar bayan an yi hutu na je Yelwa. Muna zaune a ɗakinta ta jawo kwalin daga ƙarƙashin gado, ta goge shi da gefen zaninta, ta ɗora mini a cinya.

"Ungo. Na ga tun ranar farko kike son sa. Ko hoton kya riƙa kallo. Wataƙila Yaya ya san wata dabara."

Babu tsokana a muryarta, abin da ya karya ni ke nan. Da ta ce mini 'yar cikin gari da na ɗauka na tafi abina. Sai na ji bakina yana cewa, "Na san lambar."

Na faɗa mata komai, kwafin da muka yi, da miyar da ta je dubawa, da tasi. Ta tashi ta kunna kwamfuta, ta saka faifan, akwatuna biyar suka fito. Ta ɗora yatsu ta ce, "Biya."

Rukunin farko ya zo da karinsa. Na biyu ya biyo shi, na uku ma haka. Na buɗe baki a kan na huɗu, sai na ji wayam. Na biyar yana nan, ina ganinsa. Na huɗun ne babu. Na koma farko na taho da gudu ko zai faɗo da kansa, na sake cin birki a wuri ɗaya. Na ce akwai bakwai a ciki. Ta rubuta. Na ce a'a, da K ya fara. Ta goge ta rubuta. Mun gwada ya fi sau talatin, kowane karo wani jan rubutu ya fito, wai ba daidai ba ne. Gumi ya jiƙa mini hijabi. Na rantse mata da Allah ya ɓace mini.

Ta juyo da kujera ta dube ni sosai.

"Ke? Ke da malam yake biya shafi sau biyu?"

"Wallahi tallahi..."

"Wata uku kina taya ni ɗaga katifa."

Ta fitar da faifan a hankali, ta mayar da shi kwali, ta rufe, ta sa mini a hannu ta danne da nata.

"Tafi da shi. In kin je shagon Yaya, abin da ya ɓace miki zai dawo."

Na bar kwalin a kan gadonta. Kafin in kai bakin titi ta aiko mini da shi, dole na karɓa don mutane suna kallo. Na kai wata guda ina biya rukuni uku ina tsayawa, a wajen wanke-wanke, a hanyar makaranta, don in samu abin da zan koma mata da shi. Bai dawo ba.

Yanzu duk mun yi aure, muna haɗuwa a biki da suna, muna gaisawa lafiya lau, ta tambayi yara in tambayi nata. Amma tun daga ranar ba ta ƙara tsokanata ba, ko sau ɗaya. Bara a wajen wani suna na yi ƙarfin hali na ce mata, "Kin san fa da gaske na manta lambar nan." Ta yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo, ta gyara goyonta.

"Allah sarki," ta ce. "Ai ya wuce."