Mama Kalunde da Motar da Ta Zama Amya

Shekara goma sha tara ke nan, wata Laraba bayan isha'i, na ji wani gurnani yana tasowa daga gindin mangwaron Gidan Kunu, inda ake ciyar da yaran ƙauyenmu. Ba na dabba ba ne, ba kuma na inji ba. Ya fi kama da mutum yana waƙa baki a rufe. Babu komai a wurin sai farar motar da Turawan ƙungiya suka tafi suka bari, tayoyinta sun sace, ciyawa ta kai mata ƙofa. Na kara kunne a jikinta, na ji ƙarfen yana rawa. Na koma gida na ce wa matata motar tana mafarkin hanya. Ta ce in nemi wuri in kwanta.

Da safe na kai labarin wurin Nyamizi Kashindye, wadda duk ƙauyenmu na Itobela ke kira Mama Kalunde. Ta leƙa ta tagar da ta fashe, ta juyo tana dariya.

"Shija, ba mafarki take ba. Baƙi ta yi."

Ƙudan zuma ne suka tare a ƙarƙashin kujerar baya.

Wannan mata nake so in jinjina wa yau, tun tana da rai tana jina. Tun kafin waccan ranar har zuwa watan jiya, in ban da wata uku na bara, kullum kafin zakara ya yi cara ta biyu ta isa Gidan Kunu da ƙunshin karmami a ka. Ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ta dama kunun masara da gyaɗa. Rana na fitowa yara sittin da 'yan kai, marayu da waɗanda gidajensu ba a hura wutar safe, sun yi layi da kofunan roba. Ba ta zama sai ta leƙa cikin kofin na ƙarshe.

A da can gidan ba haka yake ba. Zamanin Turawa, buhunan gari a mota suke zuwa, da madara ta gwangwani, da wani allo mai launi a bakin hanya. Mu tsofaffi har yanzu muna tuna ƙamshin madarar nan. Mama Kalunde a lokacin mai wanke tukwane ce kawai. Rannan aka tara mu aka ce aikin ya ƙare, aka yi hoto, aka tafi. Masu albashi suka watse cikin mako guda. Garin da ya rage bai fi na wata biyu ba, kowa kuma ya san ranar da ya ƙare, yaran nan za su riƙa zuwa makaranta da ciki wayam.

A cikin wannan hali ƙudan suka zo. Maza suka ce a banka musu wuta a sayar da ƙarfen a Tabora. Ita ta tsaya a gaban motar da muciya a hannu.

"Tun da aka kawo motar nan, wannan ne karo na farko da za ta ba mu wani abu ba tare da ta sha mai ba. Wanda zai ƙone ta ya fara da ni."

Ta je wurin tsofaffin masu amya a daji ta koyi aikin, abin da mata ba sa yi a wurinmu. Harbi ya kumbura mata fuska har 'yarta Kalunde ta kasa gane ta. Daga mota ɗaya aka kai amya arba'in a rataye a bishiyoyi. Zuman yana komawa masara da gyaɗa, kakin yana komawa kyandir. Wutar Gidan Kunu ba ta taɓa mutuwa ba.

Amma ba zuman ne abin mamakinta ba. Dokokinta ne, guda uku, kuma kowacce ta jawo mata baƙin jini.

Ta farko, ba a karɓar kyautar da ba za a iya gyarawa a Itobela ba. Na ga wannan da idona. Wani baƙo mai kirki ya zo da hoton injin niƙa mai aiki da hasken rana. Muna ta yi masa tafi. Ita ta tambaye shi, "Ɗana, in ya lalace, wa zai gyara?" Ya ce akwai mai gyara a Dar es Salaam. Ta ce, "To, a bar shi kusa da mai gyaran. Ka ba mu baro biyu da fartanya." Maƙwabcina Maganga bai yi mata magana ba har damina ta wuce. Barunan nan yau ma suna aiki, an sauya musu ƙafa sau biyar.

Ta biyu, babu aikin da mutum ɗaya zai iya shi kaɗai. Mai dama kunu da mataimakiyarta, mai riƙe makullin rumbu da wanda ya san inda ake ajiye na biyu. Ko gishiri, mutum biyu ne suka san yawan da ake zubawa.

Ta uku, in an je ɗibar zuma, kashi ɗaya cikin uku na ƙudan ne. Ba a taɓa shi ko da yunwa ta kai ko'ina.

Bara ta yi abin da ya girgiza mu. Ana saura kwana uku a fara ɗiba, ta hau motar Mwanza, ta ce za ta ga jika. Ba ta faɗi ranar dawowa ba, ta kashe waya. Sai ga wani ɗan kasuwa ya zo yana neman zuma duk abin da ake da shi. Shekarar kuwa masara ba ta yi ba. Aka yi taro a gindin mangwaro. Maganga ya miƙe.

"Jama'a, tsohuwar ba ta nan. Ƙuda zai kai mu ƙara ne? A kwashe duka, a cika rumbu."

Kabula ce ta amsa masa, wadda ta sha kunun gidan tana ƙarama, yanzu kuma ita ke jagorar masu amya.

"Baba Maganga, kai in aka kwashe maka rumbu tas a watan rani, za ka zauna a gidan?"

"Ni ina da ƙafa, sai in tafi."

"Su fiffike gare su."

Aka yi dariya, aka bar wa ƙudan rabonsu. Kunun ya tsinke na wasu makonni, yara suka yi ƙorafi, amma babu safiyar da ba a sha ba. A ƙauyen gaba, inda aka kwashe duka, amyoyi sun wayi gari babu kowa, ƙudan sun gudu.

Bayan wata uku ta dawo. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta wuce wurin tsohuwar motar, ta kara kunne kamar yadda na yi a da, ta daɗe a haka. Da ta ɗago ta ce, "Yanzu zan iya tsufa."

Mama Kalunde, ke ce uwar da ta koya wa gida tsayuwa ba tare da ita ba. Mutane da yawa sun zo mana da alheri, sun tafi da shi a aljihunsu. Ke kika yi shekara goma sha tara kina rage muhimmancin kanki da gangan. Sunanki ba ya kan kowane allo. Mun gode, Allah Ya ba ki hutu mai daɗi da ƙafa mai lafiya. Ku kuma masu riƙe da ƙungiyoyi a ko'ina, ku raba makullanku tun kuna nan, ku bar wa gobe rabonta.

Watan jiya ta miƙa wa Kabula muciya. Jiya da safe muna zaune da Maganga a kan dakalinsa, hayaƙin Gidan Kunu yana tashi a kan lokaci, yara sun yi layi. Ita kuma tana ƙofar gidanta tana ɓarar gyaɗa, wasu ƙananan suka wuce ta da gudu ba su ko waiga ba. Maganga ya bi su da kallo, ya tura hula gaba.

"Shija, yanzu da komai ke tafiya ba ita, wa zai gaya wa waɗannan cewa ita ce?"