Gidan Saurona Ya Tafi Su

Ni dai tun ina gidanmu an san ni da fargaba, to da na haifi 'yata ta fari sai abin ya samu wurin zama. In ta daɗe tana barci, in kai yatsa bakin hancinta in ji ko tana numfashi. In ta yi atishawa biyu a jere, na fara laluben mayafi. Tana wata huɗu zazzaɓin cizon sauro ya kwantar mana da ita kwana uku a asibiti, ina kallo ana neman jijiya a hannun da bai fi karan dawa kauri ba. Tun daga ranar ni da sauro muka ƙulla gabar da babu sulhu.

Gidan sauron da aka ba ni wurin awo shi ne dukiyata. Kullum da hantsi sai na fito da shi tsakar gida na ɗaga, ina bin sa ido-ido kamar mai tsintar shinkafa. Ko hudar ba ta fi ƙwayar gero ba sai na ɗinke ta da jan zare, don shi nake da shi. In ta yi girma in nemo ƙyalle in yi faci. Da matan unguwa suka ga haka sai suka fara kawo mini nasu. Ban taɓa ƙi ba, tunda sauron maƙwabta ba ya sallama kafin ya tsallako katanga.

Muna zaune ne a gefen gari, inda in ka miƙe kaɗan za ka gangara kogin Lamurde. Maigidana masunci ne. Da damina kowa abokin kowa ne. Da rani kuwa, kogi ya tsuke, kifi ya taru a babban gurbi ɗaya, nan ake sanin wa ke gaida wa. Ƙungiya biyu ce. Akwai 'yan birgi, masu jefa koma su jawo, kowa da tasa. Akwai 'yan taru, su maigidana, masu haɗuwa su ja doguwar koma su share ruwa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Sarkin Ruwa ya raba musu: safiya ta 'yan birgi ce, 'yan taru kuma ja biyu bayan azahar, ba ƙari. Kifin da bai kai tafin hannu ba a mai da shi ruwa. Idon koma kuma sai yatsa biyu sun shige.

'Yan birgi kullum kukansu 'yan taru na kwashe 'ya'yan kifi, har da kwaɗi da kunkuru, su zube a yashi rana ta cinye. 'Yan taru kuma su ce 'yan birgi ba su san inda safiya ta ƙare ba, ana kiran azahar suna cikin ruwa suna cewa ai da sauran hantsi. Ni duk ban sa wannan a ka ba. Nawa in gyara kifi, in yi banda, in kai kasuwa.

Wata Talata na dawo daga ɗebo ruwa na tarar da ƙusa huɗu a bango, igiya na lilo, gidan sauro babu. Da maigida ya dawo na tare shi tun a bakin ƙofa.

"Baban yarinya, ina gidan sauro?"

"Aro na bayar."

"Wa ka ara wa?"

"Taru."

"Tarun sauro ke cizonsa?"

Ya ce cikin tarun ne ya yage, aka ce kowa ya kawo abin toshewa, gobe-goben nan zai dawo da shi, ya ma samu wanki kyauta. Daga baya na ji babu wata yagewa. Gidajen sauro suka shimfiɗa a cikin tarun suka ɗinke, don ko kifin da aka haifa jiya kada ya wuce.

Washegari 'yan birgi suka laɓe a bayan tudun masu ɗibar yashi, ana jawo taru suka fito. Gidan sauro biyar aka farke daga ciki. Sarkin Ruwa ya tsare gidajen sauron duka, har da tarun, ya ce Asabar za a zauna. Wanda aka gane gidan sauronsa ne, wata guda kada ƙafarsa ta taɓa kogi. Wanda ba a san mai shi ba, wuta. 'Yan taru suka haɗa baki a kan cewa ruwa ne ya kawo su suka maƙale. Yadda aka yi suka ɗinke kansu kuwa, Allah ne masani.

Maigida ya zaunar da ni ya ce, "Ki rufa mini asiri. Wata guda a tsakiyar rani, me za mu ci?" Kuma gaskiya ya faɗa, na sani.

Amma kullum da safe sai na kwance yarinya na ƙirga. Laraba cizo uku. Alhamis bakwai, ɗaya a fatar ido. Na rufe ta da zani ta jiƙe da gumi, na yi hayaƙin ganye ta kama tari. Na koma asibiti da katina, malamar ta buɗe ta ce ai an ba ni, sai rabo na gaba. Ta tambaye ni ina wanda aka ba ni, na ce ya yi 'yar tafiya. Na kasuwa kuwa ya fi ƙarfin aljihunmu a makon da taru ke tsare. Ranar Juma'a na taɓa goshinta na ji ɗumi. Ban sani ba ko jikinta ne ko hannuna, na kira maƙwabciya ta taɓa, ta ce in bar yarinya ta sarara.

Asabar da hantsi na goya ta na ɗauki daro, kamar mai zuwa jiran kifi. A gindin mangwaron bakin kogi aka zauna, maza a gaba, mu mata masu banda a gefe. Na samu wuri tsakanin Goggo, matar Sarkin Ruwa, da matar shugaban 'yan birgi, wata 'yar ƙabilar Kona mai ƙiba da fara'a da muke kira Mama.

Da tarun kansa aka fara, wai a auna idonsa. 'Yan birgi sun zo da wani mai fasa dutse, yatsunsa kamar rogo, ko ɗaya bai shiga ba. 'Yan taru kuma, ashe sun shirya, suka gabatar da wani tela, yatsunsa uku suka shige har da sauran wuri. Aka yi ta hayaniya. Sarkin Ruwa ya ce to a auna da nasa. Sai dai shi ɗan alinsa a kumbure yake tun shekarar da ƙayar kifin kurungu ta soke shi, 'yan taru suka ce wannan yatsa ɗaya da rabi ne. Aka koma kan tafin hannu, wani daga cikinsu ya ce doka ba ta faɗi tafin hannun wa ba, ya waiwayo yana nuna hannun 'yata da ya leƙo daga goyo. Na yi maza na cusa shi cikin zani.

Da aka gaji aka shimfiɗa gidajen sauron a yashi, su biyar, duk sun yi launin laka, ɓawon kifi na ƙyalli a jikinsu. Nawa ne na tsakiya. Ga facin atamfar sunan 'yata nan, koriya, inda garwashin turare ya taɓa ƙona shi. Sarkin Ruwa ya yi tambaya sau uku ko akwai mai su. Maigidana yana kallon babban yatsan ƙafarsa. Wani ya ɗauko galan ɗin kananzir yana girgizawa, ana cigiyar ashana.

A lokacin yarinyar ta motsa a bayana, na ji goshinta a wuyana. Ban san sanda na miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, na tsakiyar nan nawa ne."

Shugaban 'yan birgi ya tafa hannu ya ce, "Kun dai ji. Daga bakin matarsa. Mu ba mu ce komai ba."

Sarkin Ruwa ya gyara rawani ya ce, "'Yar nan, duk iri ɗaya ne. Yaya aka yi kika gane naki?"

To ni matsalata ita ce in na tsorata bakina ba ya tsayawa. Na nuna masa facin da jan zaren. Da na ga kamar bai gamsu ba, don kada a ce ƙarya nake yi, sai na ce, "Ai duk na san su, ranka ya daɗe, ni na ɗinka. Waɗannan biyun na matan 'yan taru ne, ga su can. Wancan na gefe kuma na Mama ne, ɓera ya ci kusurwarsa, na toshe da ragowar ankonsu na zumuntar matan coci."

Mama ta tashi da ƙyar ta je ta duƙa ta duba. Ta ɗago ta dubi mijinta.

"Kai. Ba ka ce mini ɓarawo ya ɗauke a igiya ba? Har ka taya ni zagin ɓarawon."

Ya ce ai ɓarawon ne ƙila ya sayar musu. Sai wani dattijo cikin 'yan taru, da ya ga dai asiri ya riga ya tonu, ya ce, "Haba malam, kwando biyu na ƙananan kifin muka ba ka. Kai ka ce miyarsu ta fi ta manyan daɗi."

Mama ta ce, "Miyar da na yi ta dafa maka ke nan, ka ce daga garin Lau aka aiko?"

Har 'yan birgi sai da suka yi dariya. Saura guda ɗaya, kuma a nan na yi niyyar yin shiru, wallahi na yi niyya. Amma Goggo ta riga ta ƙura masa ido. Facinsa fari ne, dogo, don akuya ce ta tauna bakinsa, ranar da Goggo ta kawo mini shi kuma ta ce ta rasa ƙyalle sai ta yago daga jelar wani abu da ta gani a rataye.

Ta ce, "'Yar nan, wancan fa?"

Na ce, "Goggo, rana ta yi zafi, ba na gani sosai."

Ta tashi da sandarta ta ɗauko shi, ta nufi mijinta. Shi kuwa hannunsa na can yana ƙoƙarin tura jelar rawani cikin riga. Ta jawo ta waje, ta kara facin a jiki. Bakin yagar ya zauna daidai kamar ba a taɓa raba su ba.

"Malam, wannan ne ka ce ka ara wa baƙonka?"

"Shi ne."

"Baƙon naka tarwaɗa ne ko karfasa?"

Sarkin Ruwa ya yi tari mai tsawo, ya nemi ruwa ya sha, ya ce shari'a ba a yi mata gaggawa. Can ya ɗago da fuskar wanda ya samu mafita. Ya ce doka ta ce mai gidan sauro shi za a hana kogi. Gidan sauro kuwa kowa ya sani mata ake ba wa a wurin awo, ba a taɓa ganin namiji ya je awo ba. Saboda haka kowace ta ɗauki kayanta, kuma su biyar ɗin nan wata guda kada ƙafarsu ta taɓa kogi. Maza suka ce Allah ya ja zamanin sarki, 'yan birgi da 'yan taru baki ɗaya. Tunda nake ban taɓa jin sun yarda da abu guda ba sai ranar.

Goggo ta naɗe gidan sauronta a hankali ta ce, "Mun karɓa."

Da rani mu ba mu da famfo. A yashin kogin nan muke tona rami mu ɗebo na sha da na girki, a nan muke wanki. Mama ce ta fara ganewa, ta kama dariya har tana riƙe kafaɗata. Ta ce da ni, da irin Hausarta da kowa namiji ne, "Amarya, ka huta. Wata guda ka huta." Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu zai yi gyara, Goggo ta ce ita dai tun tana yarinya ta ji ana cewa sarki ba ya magana biyu.

Muka kama hanyar gida, maigida na gaba ina bin sa. Ina tafe ina tunanin ko na yi abin da za a mai da ni gidanmu. Da muka shiga ya tsaya ya dubi randa, babu ko ɗigo. Ya dubi yarinyar, ya sa bayan hannu ya taɓa goshinta, ya ga cizon da ke fatar idonta. Sai ya ɗauki jarka biyu, ya karɓi gidan sauron daga hannuna, ya ce, "Ina sabulu?"

Sau uku ya wanke shi a makon nan, ƙarnin bai fita ba. Na ɗinke hudar da ƙaya ta yi masa guda goma sha ɗaya, jan zarena ya ƙare na ƙarasa da baƙi. Ɗumin jikin nan kuwa ashe haƙori ne. Sauro bai ƙara samunta ba, sai dai kyanwar maƙwabta ta tare a ƙofar ɗakinmu, kullum tana zaune tana kallon gado da kyakkyawan zato. Wannan ma ya zame mini abin fargaba, na yi ta tambaya ko kyanwa na iya ɗaukar jariri a matsayin kifi.

Watan nan guda, in ka leƙa kogi da safe za ka ga manyan masunta biyar a jere suna dirzar zannuwa, shugaban 'yan birgi a gefen maigidana suna aron sabulu, suna gardamar yatsan wa za a auna da shi. Har yau ba su daidaita ba. An ba tela da mai fasa dutse haƙuri, yanzu maganar wani mai gyaran keke ake yi.

'Yar tawa ta shiga shekara huɗu, ƙaninta ne ke kwana a cikin gidan sauron yanzu, facin ya kusa fin asalin yawa. Maigida ya rantse ba zai ƙara ba, kuma na yarda da shi. Amma da zarar kogi ya fara tsukewa, in zan fita ko nan da kasuwa ne, sai na kwance shi na ninke na sa a ƙasan daro, kifi a sama.