Idon Modu

Ni tela ne a Fagge, kuma duk atamfar da ta yi tashe a garin nan sai ta bi ta ƙarƙashin allurata. Shi ya sa na san darajar Modu.

Iyayensa daga Barno suka zo, amma a Kano aka yanke masa cibiya. Aikinsa a Kantin Kwari ba dako ba ne, ba kuma ciniki ba. Idan samfurin sababbin atamfofi ya iso shagon maigidansa Alhaji Sabo, Modu ake shimfiɗa wa, ya duba ya ce a sayo wannan, a bar wancan. Bai iya faɗin dalili ba. Cewa yake idan zane zai karɓu, wani daɗi ne ke taso masa a ƙirji. Mukan yi masa tsiya cewa shi kaɗai ake biya don ya ji daɗi.

Wata shekara, gab da azumi, aiki ya yi masa yawa, sai wani direban babbar mota ya ba shi ƙwaya mai kore gajiya. Da farko abin dariya ya zame mana. Modu mai sanyin baki ya koma uban surutu, kowane tsumma ya gani sai ya ce ya yi kyau. Daga baya dariyar ta ƙare, domin da zarar ƙwayar ta sake shi babu abin da ke burge shi, ko abinci ko hira. Shekara biyu yana sha, a ƙarshe ma ba don daɗi ba, don dai ya iya fitowa kasuwa.

Da ya daina, ni na raka shi Sabon Gari wajen Nkechi, wata mai kemis da nake yi wa ɗinki. Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta ce a ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke saka wa mutum da ɗan daɗi idan ya ci abinci ko ya ga abu mai kyau, kaɗan-kaɗan kamar gishiri a miya. Ƙwayar nan juye shi take yi gaba ɗaya. Ƙwaƙwalwa kuma sai ta kare kanta, ta rage jin sa, har ƙananan abubuwa su daina isa gare ta. Ta ce jin daɗin yakan dawo a hankali, amma ba ta san ranar ba. Ta tura shi wajen likita.

Bana samfuri ya iso, aka shimfiɗa masa. Da a ce ya nuna uku ko huɗu da ka, da ba wanda zai gane sai kaya sun ƙi tafiya. Ni kaina, Allah ya yafe mini, shawarar da na ba shi ke nan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya naɗe su.

"Alhaji, duk ɗaya nake ganin su."

Aka ba wani mutum aikin zaɓen, shi kuma aka mayar da shi yankan yadi. Abin ya yi mini ciwo, har yau kuma ban san ko ni zan iya abin da ya yi ba.

Da Salla ta matso, ya kawo matarsa Fanta shagon Alhaji Sabo ina wurin, ya ce ta zaɓi wadda take so. Shekara goma sha tara da aurensu, ba ta taɓa zaɓar wa kanta atamfa ba, shi ke zaɓar mata. Ta dubi kayan tun daga ƙasa har rufi, ta gyara mayafinta, ta dubi Modu.

"Malam, zan jira ka."

Washegari ta aiko mini da kayanta na bara, ta ce in gyara mata bakin hannun.