Yatsan Da Na Ara Wa Inna

A lokacin ina budurwa, auta a gidanmu da ke Ƙofar Kwaya, kuma ban da bikina da ke tafe babu abin da ke zama a kaina. Mahaifiyarmu, Inna, ta daɗe tana tuyar waina a kan icce, hayaƙin ya bar mata ciwon huhun da ba a warkewa, sai dai lallaɓawa. Yayana da ke aiki a Abuja ya aiko da wata 'yar na'ura da ake maƙala wa yatsa, ta auna iskar da ke cikin jini, ta tura lamba zuwa wayata da tasa. Ni aka ɗora wa awon, safe da la'asar. Likita ya ja mana kunne cewa in lambar ta yi ƙasa da inda ya nuna, a kawo ta asibiti ko da dariya take yi.

Ranar ƙunshi Inna ta ce ita ma sai an yi mata, don rabonta da lalle tun rasuwar Baba. Aka yi mata baƙi har kan farce. Ni kuwa, gwanar wayo, na sa aka bar min yatsa ɗaya fari don danna waya. Washegari na'ura ta fara wasa, wani lokaci ta ƙi karantawa, wani lokaci ta nuna lamba ƙasa. Muka ɗora wa lalle laifi, har yau ban sani ba ko shi kaɗai ne. Inna ta riƙo hannuna, ta ce in Yaya ya ga haka asibiti zai sa a kwantar da ita, a kai autarta ɗaki ba ta nan. Ta roƙe ni in ara mata yatsana na kwana biyu kawai, in riƙa auna nawa a madadin nata. Na ara mata, muna ta dariya kamar ƙawaye.

Kwana biyun suka zama shida. Makon nan ina tuna shi kamar mafarki: gida cike da ƙamshi, guɗa daga nesa, Inna a kan darduma cikin hayaƙin turaren wuta, tana murmushi tana kallon hannayenta. Na ga tana dafa bango kafin ta kai randa. Na ga tana tsayawa a tsakiyar magana. Amma wayata ta ce lafiya, ni kuma na yarda da ƙaryar da na yi da yatsana.

Ina kwana biyu a ɗakina Inna ta faɗi a tsakar gida. Ba ta dawo daga asibiti ba. A wajen zaman makoki Yaya ya riƙa nuna wa dangi wayarsa, yana cewa ƙalau take har ranar awo na ƙarshe. Na san ajali ba ya jira, amma na san kuma abin da na rufe.

Ina kira ga duk mai jinya, in na'ura ta rikice a nufi asibiti, kada tausayi ya sa ka ɓoye majiyyaci ga masu neman cetonsa. Ni tausayin ne ya ci ni. Har yau Yaya bai goge lambobin nan ba, in kewa ta kama shi yakan buɗe su, wai numfashin Inna na ƙarshe. Na kasa gaya masa cewa nawa ne.